Shekara 41 Tsakanin Gani da Magani

A shekarar 1960, wasu masu bincike biyu a birnin Filadelfiya na Amurka, Peter Nowell da David Hungerford, suka duba jinin masu fama da wani nau'in sankarar jini a ƙarƙashin madubin likita, sai suka lura cewa ɗaya daga cikin kuromosom ɗin da ke cikin tantanin majinyatan, wato zarurrukan da ke ɗauke da ƙwayoyin gado, ya gaza girman da aka san shi da shi. Rahoton da suka fitar a kan haka bai cika shafi ɗaya ba. A watan Mayu na 2001, hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da wata ƙwayar magani da ake haɗiya, mai suna imatinib, wadda aka harhaɗa musamman domin ta toshe ɓarnar da wannan ƙaramin kuromosom yake haddasawa. Shekara 41 ke nan tsakanin ranar da ido ya ga alamar da ranar da majinyaci ya riƙe maganin a tafin hannunsa.

Ina yawan komawa ga waɗannan shekaru biyu a duk lokacin da na ji ana muhawara a kan tasirin bincike, musamman idan aka taƙaita maganar ga yawan ambaton da maƙala ta samu a maƙalun wasu masana ko darajar mujallar da ta buga ta. A ganina binciken magungunan sankara masu saiti, wato magungunan da ake auna su a kan takamaiman tangarɗar da ke tuƙa cutar, shi ne wurin da ya fi dacewa a gwada wannan ma'auni, domin a nan ne aka ga nasara ƙarara, a nan kuma aka ga yadda lissafin ambato yake iya rabuwa da abin da ya isa ga mara lafiya.

Na fara bibiyar wannan fage ne bayan na yi jinyar wani ɗan'uwana da aka ɗora a kan maganin kemo, na ga yadda gashi ya zube, baki ya yi gyambo har ruwa ya zama abin tsoro, jini kuma ya yi ƙasa ta yadda ƙaramin zazzaɓi kan tayar da hankalin kowa. Dalilin haka ba ɓoyayye ba ne. Kemo yana kai hari ne ga duk tantanin da ke saurin rabuwa, kuma ba tantanin sankara kaɗai ke da wannan hali ba, har da na saiwar gashi, da na fatar baki da hanji, da na ɓargo inda ake samar da jini. Ban faɗi wannan domin in rage wa kemo daraja ba. Tun daga gwajin Sidney Farber na 1948 a kan yara masu sankarar jini, wannan hanya ta ceci rayuka masu yawa, kuma har gobe ita ce ke warkar da akasarin yaran da suka kamu da wannan cuta, da masu sankarar maraina, inda ake da kayan aiki. Amma duk wanda ya zauna kusa da irin wannan gado zai tambayi kansa ko babu maganin da zai iya bambance mai laifi da mai gaskiya.

Tambayar ta daɗe. Paul Ehrlich na Jamus ya yi mafarkin harsashin da zai nemi cuta ya bar mai ita tun farkon ƙarni na 20, kuma a kan ƙwayoyin cuta mafarkin ya tabbata da wuri, saboda su baƙi ne a jiki, halittarsu ta sha bamban da tamu. Sankara kuwa ɗan gida ne da ya kangare. Tantaninta daga namu ya fito, abincinsa namu ne, kayan aikinsa namu ne, don haka kafin a saita shi dole a gano ainihin abin da ya raba shi da 'yan'uwansa. An ɗan samu haske kafin imatinib, kamar tamoxifen da ya shiga asibitoci a shekarun 1970 yana tare hanyar da sinadarin mata yake ciyar da wasu sankarorin mama, da kuma aikin Wang Zhenyi da abokansa a Shanghai a shekarun 1980, inda suka nuna cewa wani sinadari ɗan dangin bitamin A yana tilasta wa tantanin wata muguwar sankarar jini ya balaga maimakon a kashe shi. Sai dai waɗannan an fara ganin amfaninsu ne kafin a gama fahimtar dalili. Labarin imatinib ya bi akasin haka: an fara sanin dalili, sannan aka ƙera maganin.

Wadda ta ɗora tubali na biyu ita ce Janet Rowley ta Jami'ar Shikago. Likita ce da ta shafe shekaru tana aikin bincike na 'yan kwanaki a mako saboda rainon 'ya'yanta, takan kuma baje hotunan kuromosom a kan teburin cin abinci na gidanta tana jera su biyu-biyu. Da sabuwar dabarar rina kuromosom ta bayyana, wadda ke fitar da zane-zane a jikin kowane ɗaya, sai ta gano a 1973 cewa guntun da ake zaton ya ɓace daga kuromosom na 22 bai ɓace ba, musanya aka yi tsakaninsa da na 9. A lokacin, yawancin masana suna ɗaukar irin wannan hargitsi a matsayin ɓarnar da sankara ta bari a bayanta. Rowley ta tsaya a kan cewa hargitsin shi ne musabbabi, kuma ruwa ba ya tsami banza idan musanya iri ɗaya tana maimaituwa a majinyaci bayan majinyaci. Ta ɗauki shekaru kafin a yarda da ita.

Sauran tubalan daga wurare ne da ba wanda zai ce suna da alaƙa da gadon asibiti. Michael Bishop da Harold Varmus suna nazarin wata ƙwayar cuta ce mai sa kaji sankara lokacin da suka nuna a 1976 cewa ƙwayoyin gadon da ke jawo sankara asalinsu lafiyayyu ne da ke cikin kowane tantani, lalacewa ce ke mayar da su abin tsoro. Tony Hunter ya gano a 1979 wani rukunin furotin da ke aiki kamar makunnin wuta, suna ba tantani umarnin ya rabu. A shekarun 1980 aka tabbatar cewa musanyar da Rowley ta gani tana haɗe ƙwayoyin gado biyu, BCR da ABL, su haifi makunnin da ya maƙale a kunne ba ya kashewa. A 1990 aka sanya wannan haɗaɗɗiyar ƙwaya a jikin ɓeraye a ɗakin binciken David Baltimore, sai cutar ta bayyana a jikinsu. Babu ɗaya daga cikin waɗannan ayyuka da zai iya yin alkawarin magani a ranar da aka fara shi, kuma da a ce an tambayi mai nazarin kaji majinyata nawa zai warkar kafin a ba shi kuɗin aiki, da ba shi da amsar da zai bayar.

Ko bayan an san makunnin, shakku bai kau ba. Jikin ɗan'adam yana da irin waɗannan makunnai fiye da 500, kuma suna kama da juna sosai a daidai wurin da magani zai zauna, don haka masana da dama suka ce duk abin da ya toshe ɗaya zai toshe saura ya kashe mai shan sa. Ga kuma ƙarancin masu cutar, abin da ba ya jan hankalin kamfani. A kamfanin Ciba-Geigy na Siwizalan, wanda daga baya ya haɗu da Sandoz suka zama Novartis, Nicholas Lydon da Jürg Zimmermann da Elisabeth Buchdunger suka samar da sinadarin, Brian Druker kuma, likita a jihar Oregon wanda yake ganin majinyatansa suna mutuwa cikin 'yan shekaru, ya gwada shi a kan tantanin da aka ɗebo daga ɓargonsu, ya nace har aka kai shi ga mutane a 1998. Daga cikin majinyata 54 da suka sha miligiram 300 ko fiye a kullum, jinin 53 ya koma daidai. Bibiyar da aka yi daga baya a wani babban gwaji ta nuna kusan kashi 89 cikin ɗari suna raye bayan shekara biyar, kusan kashi 83 kuma bayan shekara goma. Cutar da a da dashen ɓargo ne kaɗai begen warkewa daga gare ta, ta koma wadda ake zama da ita ana shan ƙwaya ana zuwa aiki.

Wannan shi ne zakaran gwajin dafi, kuma shi kowa ya fi sani. Ni kuwa labarin da ya fi koya mini abu shi ne na gefitinib, maganin da ya kusa zama abin kunya. An amince da shi a Amurka a 2003 domin sankarar huhu, amma kusan mutum ɗaya cikin goma ne kawai ƙarinsa ke narkewa, kuma da aka yi babban gwaji a kan kowa da kowa, ba a ga ya tsawaita rayuwa ba, har aka taƙaita amfani da shi a 2005. Sai dai likitoci sun lura cewa waɗannan 'yan ƙalilan da maganin ya karɓa ba kaɗan ya karɓe su ba, kuma galibinsu mata ne, ko waɗanda ba su taɓa shan taba ba, ko 'yan gabashin Asiya. Maimakon a yi watsi da su a matsayin dace, sai ƙungiyoyin bincike a Boston da New York suka bincika ƙarinsu, suka gano a 2004 cewa suna ɗauke da sauyi a ƙwayar gado ta EGFR. Gwajin da Tony Mok na Hong Kong ya jagoranta, wanda aka buga a 2009, ya kammala hujjar: mai wannan sauyi gefitinib ya fi masa kemo, wanda ba shi da shi kuwa kemo ya fi masa. Maganin bai canza ba, sanin wanda za a bai wa ne ya canza.

A nan nake ganin tasirin ilimi na gaskiya, domin bayan wannan sunan cuta da kansa ya sauya. A da ana kiran sankara da gaɓar da ta kama, a ce ta huhu ko ta mama ko ta hanji. Yanzu likita ba ya gamsuwa da haka, sai ya san wace tangarɗa ce ke tuƙa ta. Dennis Slamon ya riga ya nuna hanya tun 1987, lokacin da ya gano cewa wani kaso na sankarar mama yana ɗauke da ƙwayar HER2 fiye da kima kuma ya fi saurin kisa, abin da ya kai ga maganin trastuzumab a 1998, tare da gwajin da ke tantance wadda za ta amfana. Daga nan masanin sinadarai da likitan duba tsoka da masanin lissafi da mai sarrafa kwamfuta suka zama dole su zauna a teburi ɗaya. Babban aikin taswirar ƙwayoyin gadon sankara na Amurka, wanda aka fara a tsakiyar shekarun 2000, ya bincika ƙari fiye da 11,000 na nau'in sankara 33, ya kuma buɗe bayanan ga kowane mai bincike. Tazarar gani da magani ma ta ragu: Hiroyuki Mano na Japan ya bayyana tangarɗar ƙwayar gado ta ALK a sankarar huhu a 2007, maganin da ke toshe ta, crizotinib, ya samu amincewa a 2011. A 2018 aka amince da larotrectinib domin duk ƙarin da ke ɗauke da wata takamaimiyar tangarɗa, ko a wace gaɓa yake.

Sankara kuwa ba ta tsaya tana jira ba. A shekarar da aka amince da imatinib, ɗakin binciken Charles Sawyers ya nuna yadda cutar ke daina jin maganin a wasu majinyata, ta hanyar sauya tubali guda tak a jikin furotin ɗin, a gurbi na 315, ta yadda maganin ba ya samun wurin zama. Daga wannan ganowa aka samu sababbin magunguna, dasatinib a 2006, da nilotinib a 2007, da ponatinib a 2012 wanda ke iya kama wancan gurbi mai taurin kai. A sankarorin da ke da curi lamarin ya fi tsanani. Cibiyar Sanger ta Ingila ta gano a 2002 sauyin ƙwayar gado ta BRAF, wanda ake samu a kusan rabin masu muguwar sankarar fata, maganinsa vemurafenib ya fito a 2011, kuma akwai majinyatan da jikinsu ya cika da ƙari suka miƙe cikin makonni, amma bayan wasu watanni cutar ta dawo wa da yawa daga cikinsu. Wannan magani da aka bai wa masu sankarar hanji da ke da sauyi iri ɗaya, kusan bai yi komai ba shi kaɗai, saboda tantanin hanji yana da wata hanyar da yake zagayawa ta baya. Ashe tangarɗa ɗaya ba ma'ana ɗaya take da ita a kowace gaɓa ba, kuma sankarar jinin da imatinib ya yi nasara a kanta tana da sauƙin da yawancin sankarori ba su da shi, domin makunni ɗaya ne ke riƙe da ita a farkonta.

Ƙwayar RAS ita ce darasin haƙuri. Tun 1982 aka san tana cikin manyan masu tuƙa sankarar ɗan'adam, amma jikin furotin ɗinta sumul yake babu ramin da magani zai maƙale, har masana suka yanke ƙauna. Kevan Shokat na Jami'ar Kalifoniya a San Faransisko ya gano wani ɓoyayyen lungu a jikin nau'i ɗaya nata a 2013, kuma maganin da ke maƙalewa a wurin, sotorasib, ya samu amincewa a 2021. Amfaninsa matsakaici ne, amma ƙofar da aka ce ba ta buɗuwa ta buɗe bayan kusan shekara 40.

To, yaya ake auna duk wannan a duniyar ilimi? Abin da aka saba shi ne a ƙirga sau nawa wasu maƙalu suka kafa hujja da maƙalarka, a kuma duba darajar mujalla, sannan tun 2005 aka ƙara ma'aunin da Jorge Hirsch ya kawo na auna mai bincike shi kansa. Ba na ƙin wannan lissafi gaba ɗaya. Maƙalar da Douglas Hanahan da Robert Weinberg suka buga a mujallar Cell a 2000, wadda ta tattara halayen sankara cikin siffofi shida, tana cikin waɗanda aka fi ambata a tarihin wannan fage, kuma ta cancanci haka domin ta ba dubban ɗalibai harshe ɗaya na tunani. Damuwata ita ce ambato yana nuna inda hankalin masana ya karkata ne, ba ya tabbatar da cewa abin da aka faɗa gaskiya ne. A 2012, Glenn Begley da Lee Ellis suka bayyana a mujallar Nature cewa masu binciken kamfanin Amgen sun yi ƙoƙarin maimaita fitattun bincike 53 na sankara, guda 6 kawai suka tabbata. Wani aikin maimaitawa da aka kammala a 2021 ya yi niyyar sake gwaje-gwaje 193, amma 50 kaɗai ya iya yi, a wani ɓangare saboda maƙalun ba su bayyana yadda aka yi aikin dalla-dalla ba, kuma a waɗanda aka maimaita, girman sakamakon ya ragu da kusan kashi 85 cikin ɗari. Waɗannan maƙalu ne da aka zaɓa saboda shahararsu. A wani fage wannan asarar kuɗi ce da lokaci. A nan kuwa, a ƙarshen kowace hujja mara tushe akwai mutumin da zai sa hannu a takardar gwaji, ya ba da watannin da suka rage masa.

Shi ya sa nake girmama binciken da ya dawo da amsar da ba a so. Gwajin SHIVA da aka yi a Faransa, wanda aka buga a 2015, ya tambaya ko zaɓar magani mai saiti bisa tangarɗar ƙari kaɗai, a wajen cutar da aka amince da shi dominta, ya fi abin da likita zai zaɓa da kansa, sai aka ga babu wani bambanci na a zo a gani. Wani ƙiyasi da Vinay Prasad da abokan aikinsa suka buga a 2018 ya nuna cewa daga cikin Amurkawan da sankararsu ta bazu, kusan kashi 8 cikin ɗari ne suka dace da irin waɗannan magunguna, kusan kashi 5 kuma ake sa ran za su amfana. Adadin ya ƙaru tun daga lokacin, amma irin wannan aiki shi ke hana ɗoki ya rufe ido, kuma mai yin sa ba kasafai yake samun yabon da mai sanar da sabon magani yake samu ba.

Akwai kuma tasirin da babu ma'aunin ambaton da ke ganinsa, wato ko maganin ya isa hannun mai buƙata. Kuɗin imatinib a Amurka ya yi ta ninkawa bayan fitowarsa, har a 2013 ƙwararru fiye da 100 a kan wannan cuta, ciki har da Druker, suka sa hannu a wata maƙala suna cewa tsadar ta wuce hankali. A shekarar ce kuma Kotun Ƙolin Indiya ta ƙi bai wa Novartis haƙƙin mallaka a kan sabon fasalin maganin, abin da ya bar kamfanonin ƙasar suna ci gaba da yin mai araha, sannan a 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya imatinib da trastuzumab cikin jerin magungunan da bai kamata a rasa ba. Amma magani mai saiti ba ya aiki sai da gwajin da zai nuna abin saitawa, kuma a ƙasashe da yawa ɗakin gwajin ne babu. Manyan rumbunan bayanan ƙwayoyin gado ma galibinsu daga mutanen da asalinsu Turai ne aka tara su, alhali labarin gefitinib ya riga ya nuna cewa yawan tangarɗa yana bambanta daga al'umma zuwa al'umma. Duniyar da ta samu sabbin masu sankara kusan miliyan 20 a 2022, ta kuma rasa kusan miliyan 9.7, ba za ta iya dogara da taswirar da aka zana daga ɓangare ɗaya nata ba, kuma wannan giɓi ne na ilimi kafin ya zama na adalci.

A 2010, François-Xavier Mahon da abokan aikinsa a Faransa suka buga sakamakon wani gwaji da ba wanda zai yi tunanin tsara shi shekara 15 kafin nan. Sun ɗauki majinyatan da suka daɗe a kan imatinib har gwaji mafi zurfi ya daina ganin alamar cutar a jininsu na aƙalla shekara biyu, suka dakatar da maganin suna sa ido a kansu wata-wata. Kusan kashi 40 cikin ɗari cutar ba ta dawo musu ba, waɗanda ta dawo wa kuma suka koma kan maganin ya sake karɓar su. Abin da ake aunawa a jinin nasu kowane wata shi ne sawun wannan haɗaɗɗiyar ƙwaya ta kuromosom na 9 da na 22, wadda Janet Rowley ta hango musanyarta a hotunan da ta baje a kan teburin gidanta.